Idan Injin Ƙaramin Jirgin Sama Ya Fara Tari

Duk wanda ya taɓa wuni a fadamar Tarka, tsakanin Karofane da Madawa, lokacin ban-ruwan albasa, ya san kukan injin da ba shi da lafiya. Yana cikin aiki sumul sai ya yi tari, ya yi kamar zai mutu, ya sake kamawa. Manomi ya kwance buji, ya kankare, ya hura, ya mayar. In abin ya ƙi, gobe a kai wa makaniki a Buza.

Irin wannan ciwo yakan kama ƙananan jiragen sama masu farfela, dangin waɗanda ke tasowa daga Yamai su sauka a filin asibitin Galmi. Sai dai matuƙin jirgi ba shi da gefen hanyar da zai raɓa ya duba buji. Shi ya sa aka yi wa kowace silinda buji biyu, kowane da tasa hanyar wuta. Tun asali na'urar da ake kira magneto ce ke ba da wutar, kuma da kanta take haɗa lantarkinta, ba ruwanta da batir. Aibinta shi ne lokacin tartsatsinta a kafe yake, a injinan Lycoming da yawa digiri 25 kafin fistan ya kai ƙololuwa, ko jirgi na hawa ko yana sauka.

Na'urar zamani ta lantarki ta fi ta wayo. Tana auna gudun inji da yawan iskar da yake zuƙa, ta matsar da lokacin tartsatsi, mai ya ƙone da kyau. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu: injin Rotax 912, wanda ya fito a 1989, da CDI biyu yake aiki, ƴan uwan akwatin da ke ƙarƙashin kujerar ɗan kabu-kabu.

To, in tari ya zo, ta ina ake farawa? Kafin tashi, matuƙi yakan taka birki, ya ɗaga inji, a Cessna 172 zuwa juyi 1,800 a minti, ya kashe ɓangaren wuta ɗaya, sannan ɗayan. Saukar juyi kada ta wuce 150, tazarar ɓangarorin biyu kada ta wuce 50. Idan kuwa juyin bai sauka ba ko kaɗan, ba abin murna ba ne. Wayar kashe wutar ce mai yiwuwa ta tsinke, kuma wanda ya juya farfelar nan da hannu yana iya tayar da inji ya rasa hannun.

Daga nan sai ma'aunin zafin hayaƙi ya yi magana. Da buji ɗaya, mai yakan ci a hankali, don haka zafin hayaƙin kowace silinda ya kamata ya hau. Wadda nata ya faɗi, ita ce mai laifi. Sau da yawa bujin ƙasa ne ya toshe da dalma, domin man jirgi na 100LL har yau da dalma a cikinsa. Sai a musanya bujin sama da na ƙasa. In ciwon ya bi buji, an kama ɓarawo. In ya tsaya inda yake, a bi waya da bobin.

Idan dukkan silindoji ne suka rikice tare, a bar buji ya huta. A auna ƙarfin batir, domin yawancin sabbin na'urorin nan da wutar jirgi suke rayuwa, abin da ya sa ake ajiye musu batir na biyu ko a bar magneto ɗaya a gefe. A duba wayar da ke ɗaure da jikin inji ko ta yi tsatsa, da ɗan ma'aunin da ke karanta juyawar inji ko ya goce, da siririn tiyon iska ko ya tsage. Mafi ban haushi shi ne bobin da ke lafiya lau da sanyin safe, sai ya ɗau zafi ya fara yanke wuta. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, wannan ba sabon labari ba ne, kuma gwajin cikin inuwa ba ya tona shi.

Abin da na sha gani a garejinmu akasin haka ne. Da inji ya yi tari, sai ka ji "Maigida, CDI ne," a sayo sabo, tarin na nan, a koma kan bobin, aljihu na ramewa. Makanikin jirgi akwatin ne ƙarshen abin da yake zargi, kuma duk abin da ya taɓa sai ya rubuta a littafin inji ya sa hannu.

Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta sayi jiragen Diamond masu injin dizal, waɗanda ba su da buji ko ɗaya. Mu da ke tare da buji a gona da kan hanya, kafin ka biya kuɗin sabon akwati, ka ce wa makaniki ya nuna maka tartsatsin tukuna, inji na sanyi da kuma bayan ya yi zafi.