Haraji da Jangali: Tambayar da NEPU ta Tayar a Ƙasar Kano

Duk sa'ad da aka kafa sabuwar jam'iyya, sai ka ji ana alkawarin hanya da asibiti da takin zamani. Da wuya ka ji an faɗi wanda zai biya. To, a nan ƙasar Kano an taɓa yin jam'iyyar da ta sa wannan tambaya a gaba, kuma ya kamata ɗalibanmu su san labarinta, domin kakanninsu na Tsanyawa suna cikin waɗanda suka biya kuɗin da aka yi ta gardama a kansu.

A zamanin En'e, kowane namiji baligi yana biyan haraji, mai shanu kuma yana biyan jangali bisa yawan shanunsa. Hakimi ya sauke wa dagaci, dagaci ya sauke wa mai unguwa, shi kuma ya bi gida gida. Bisa ƙa'ida za a raba ne gwargwadon ƙarfin kowa, amma a aikace abin da talaka ke biya bai cika yin nisa da na mai hali ba.

A nan ne rashin adalcin yake, kuma lissafinsa ɗan aji ɗaya ma zai iya yi. A ce manomi biyu, ɗaya ya sami dami 20, ɗaya dami 200, aka ce kowa ya biya kuɗin dami 2. Na farko ya ba da ɗaya bisa goma na abincin gidansa, na biyu ɗaya bisa ɗari. Kuɗin ɗaya ne, nauyin ba ɗaya ba ne. Ga shi kuma da kaka ake karɓa, lokacin da hatsi da gyaɗa suka fi araha. Sai mutum ya sayar da arha, damina ta zo ya sayo da tsada. A wuri irin namu da gonaki suke ƙanana saboda yawan jama'a, wanda bai da abin sayarwa sai ya tafi cin rani neman kuɗin haraji.

Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Kukan talakawa a kan haraji da aikin tilas yana cikin manyan abubuwan da suka tara mata magoya baya a ƙauyuka. Ba ta kafa gwamnati ba. Magajiyarta PRP, wadda aka kafa a 1978, ita ce ta ci zaɓen gwamna a Kano da Kaduna a 1979, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Kada a ɗauka mu kaɗai muka ƙi irin wannan haraji na kai. A Ingila ma an gwada shi a 1990, aka yi tarzoma a Landan, kuma yana cikin abin da ya raba Margaret Thatcher da mulki a shekarar.

Ni a ganina sokewar daidai ce. Sai dai akwai abin da masu adawa da ita suka faɗa wanda bai kamata a yi watsi da shi ba. Yau ƙaramar hukuma kusan duk kuɗinta daga kason tarayya yake zuwa. Shugaban da ba daga aljihunka yake samun kuɗi ba, bai damu ya yi maka bayani ba, kai ma ba ka jin zafin tambayarsa.

Kuma talaka bai daina biya ba, hanyar ce ta sake. An fara karɓar harajin kayan saye, wato VAT, a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. Dokar haraji ta 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara harajin abin da yake samu, wannan kuwa ci gaba ne. Amma manomin da ya kai akuyarsa kasuwa har yanzu yakan yanki tikiti daidai da na attajirin da ya zo saye, tikitin kuwa ba ya tambayar dami nawa ya samu bana.