Yadda Ake Haɗa Jarin Fim Kan 'Yancin Zama Ɗan Ƙasa A Samoa Ta Amurka

Samoa ta Amurka wasu 'yan tsibirai ne a kudancin tekun Fasifik, waɗanda jama'arsu ba ta cika 50,000 ba bisa ƙidayar shekarar 2020. Tun 1900 babban tsibirinsu, Tutuila, yake ƙarƙashin tutar Amurka, amma har yau haihuwa a can ba ta mai da mutum cikakken ɗan ƙasa. Yana riƙe da fasfon Amurka, sai dai an buga a ciki cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne. Yana iya shiga aikin soja, kuma mutanen tsibiran suna shiga da yawa, amma idan ya koma wata jiha da zama ba zai jefa ƙuri'a ba, wasu ayyukan gwamnati kuma sun haramta gare shi, sai ya nemi takardar zama ɗan ƙasa kamar baƙo, ya biya kuɗin da ya haura dala 700.

Wannan labari ne da ya cancanci fim na gaskiya, wato wanda ba wasan kwaikwayo ba. Matsalar ita ce irin wannan fim ba ya mai da jarinsa daga kasuwa, kuma duk wanda ya ƙuduri yin sa ya san da haka tun kafin ya ɗauki kyamara.

Lissafin a bayyane yake. Daga Honolulu ta Hawai zuwa Pago Pago, babban garin tsibiran, tafiyar kimanin kilomita 4,200 ce, sama da awa 5 a jirgin sama, kuma jirgin ba kullum yake tashi ba. Dole a yi jigilar ma'aikata da kayan aiki, a biya masauki a wurin da yawancin kayan masarufi daga waje ake shigo da su. Shari'o'in da suka shafi batun kuwa a babban yankin Amurka aka yi su, saboda haka tafiya ta ninka. Bayan ɗaukar hoto akwai watannin tacewa, da fassara daga harshen Samoa, da kuɗin izinin amfani da tsofaffin hotuna, da inshorar da ke kare mai fim idan wani ya kai ƙara cewa an ɓata masa suna ko an taɓa haƙƙin mallakarsa. Gidajen talbijin na Amurka ba sa nuna fim sai da wannan inshora. A ɗaya ɓangaren, masu sayen tikiti ba su taka kara sun karya ba. Ko an haɗa da tsibirin Guam, mai mutane kimanin 154,000, kasuwar ba ta kai ta wani matsakaicin gari ba.

Don haka ba masu zuba jari ake nema ba, masu bayar da tallafi ake nema, kuma da wuya mutum ɗaya ko hukuma ɗaya ta ɗauki nauyin duka. Ana tara kuɗin ne kashi-kashi: na bincike daban, na ɗaukar hoto daban, na kammalawa daban. Sau da yawa aiki yakan tsaya cik tsakanin wani kashi da wani, shi ya sa fim na awa ɗaya yake cin shekaru.

Shekaru fiye da 30, ƙofar farko da mai irin wannan fim yake ƙwanƙwasawa ita ce ƙungiyar Pacific Islanders in Communications, wadda ake kira PIC a taƙaice, da aka kafa a Honolulu a 1991. Tana cikin ƙungiyoyi 5 da aka tanada domin shigar da labaran tsirarun al'ummomi cikin talbijin na jama'a, kuma har zuwa 2025 babban tushen kuɗinta shi ne hukumar CPB, wadda majalisar dokokin Amurka ta kafa da dokar 1967 domin raba kuɗin gwamnati ga gidajen rediyo da talbijin na jama'a. Tallafin PIC ba kyauta ce zalla ba, domin a madadinsa mai fim yana bayar da haƙƙin nuna fim ɗin a talbijin na jama'a na wani lokaci. Amfaninsa ya wuce adadin kuɗin. Da zarar an ga hannun PIC a kan aiki, sauran gidauniyoyi sukan saki jiki, kamar dai yadda banki yake sauƙaƙa rance ga ɗan kasuwar da ya zo da mai tsaya masa.

Abin lura a nan shi ne a da kuɗin harajin Amurka ne yake biyan fim da ke tuhumar dokar Amurka. An tsara CPB ta zama katanga tsakanin 'yan siyasa da masu shirye-shirye, kuma katangar ta yi aiki shekara da shekaru, amma ginshiƙinta ɗaya ne, wato kasafin majalisa. A watan Yulin 2025 majalisar ta janye dala biliyan 1.1 da ta riga ta ware wa hukumar na shekaru biyu, kuma a farkon Agusta CPB ta sanar cewa za ta naɗe ayyukanta. Kafin nan, a watan Afrilu, hukumar NEH mai tallafa wa ayyukan tarihi da al'adu ta soke tallafi masu yawa, har da na finafinai. Cikin 'yan watanni ƙofofi biyu mafi girma suka rufe ko suka ƙuntata.

Abin da ya rage shi ne gidauniyoyi masu zaman kansu da gudummawar ɗaiɗaikun mutane. A nan dokar haraji take shigowa. Mai bayar da gudummawa a Amurka yana samun rangwamen haraji ne idan ya ba ƙungiyar agaji mai rajista, ba mutum ba. Saboda haka mai fim yakan fake ƙarƙashin wata ƙungiya da za ta karɓi kuɗin da sunansa, ita kuma ta cire ladanta, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Akwai kuma karo-karo ta intanet. Shafin Kickstarter, da aka buɗe a 2009, yana cire kashi 5 cikin ɗari ban da kuɗin hada-hadar kati, kuma ƙa'idarsa ita ce idan ba a cika adadin da aka nema ba, ko sisi ba a karɓa. 'Yan asalin Samoa mazauna jihohin Amurka sun haura 200,000, sun ninka na tsibiran sau da yawa, kuma su ne ainihin masu wannan karo-karo. Sai dai irin wannan kuɗi yakan isa tafiya ɗaya ko biyu ne, ba fim gaba ɗaya ba.

Daɗin daɗawa, batun kansa yana wahalar da neman kuɗi, domin mutanen tsibiran ba bakinsu ɗaya ba. A watan Disambar 2019 wani alƙalin tarayya a jihar Utah ya yanke hukunci a shari'ar Fitisemanu cewa haihuwa a Samoa ta Amurka tana bayar da 'yancin zama ɗan ƙasa. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a Oktoban 2022. Cikin waɗanda suka yi adawa da masu ƙarar har da gwamnatin Samoa ta Amurka kanta da wakiliyar yankin a majalisa, Aumua Amata Radewagen. Dalilinsu ƙasa ce. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na filayen tsibiran mallakar dangi ne a hannun shugabannin gargajiya da ake kira matai, kuma doka ta hana sayar da su ga wanda ba jinin Samoa ba. Fargabarsu ita ce idan tsarin mulkin Amurka ya hau kansu gaba ɗaya, wata kotu za ta ce wannan doka wariya ce, filayen su shiga kasuwa, masu kuɗi daga waje su saye.

Ga mai neman tallafi wannan tsaka mai wuya ce. Ƙungiyoyin fafutuka sun fi saurin buɗe jaka, amma kowace tana son a nuna ɓangarenta, alhali fim ɗin da ya nuna masu ƙara kaɗai, ko masu kare filaye kaɗai, ya bar rabin gaskiya. Ƙa'idojin tashar PBS sun hana mai bayar da kuɗi tsoma baki cikin abin da fim zai ƙunsa, sun wajabta bayyana sunansa, har ma ana iya ƙin nuna fim idan mai kuɗin yana da wata maslaha kai tsaye a batun da za ta sa masu kallo su yi shakka. Ke nan kuɗin da ya fi sauƙin samu shi ne wanda zai iya toshe wa fim hanyar zuwa talbijin.

Kuɗin shiga bayan an gama fim kuwa, mafi yawansa daga jami'o'i da ɗakunan karatu yake zuwa, waɗanda suke sayen lasisin nunawa a aji da farashin da ya ɗara na mai kallo a gida nesa ba kusa ba. Ta wannan hanya ce fim ɗin The Insular Empire, wanda Vanessa Warheit ta yi kan mutanen Guam da tsibiran Mariana ta Arewa, ya ci gaba da yawo bayan an nuna shi a tashoshin PBS. Kuɗi ne mai shigowa a hankali cikin shekaru, kuma ba ya zuwa sai an riga an biya kuɗin jirgi, da na tacewa, da na inshora.