Nakasassu da Hanyoyin Shan Iska a Gandayen Tsoffin Gidajen Ingila

A karkarar Ingila akwai ɗaruruwan manyan gidaje da attajirai da masu sarauta suka gina, akasari a ƙarni na 17 da na 18, kowanne yana tsakiyar wani makeken gandu da ya haɗa makiyaya da tafki da kurmi, kuma a yau da yawa daga cikinsu a buɗe suke ga duk wanda ya biya kuɗin shiga. Babbar mai kula da irin waɗannan wurare ita ce ƙungiyar National Trust, wadda Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa a shekarar 1895, da nufin talakan birni da hayaƙin masana'antu ya turnuƙe shi ma ya sami inda zai shaƙi iska mai daɗi. Sai dai an ɗauki shekaru masu yawa kafin a yarda a hukumance cewa gurgu da makaho da tsohon da gwiwa ta gaza suna cikin jama'ar da aka buɗe wa ƙofar.

Asalin matsalar yana cikin tsarin gandayen kansu, domin an zana su ne don masu gida da baƙinsu, waɗanda ke zagayawa a kan doki, ko cikin keken doki, ko da ƙafa. Lancelot Brown, shahararren mai tsara gandu da ya rasu a 1783, ya yi fice wajen amfani da abin da ake kira ha-ha, wato rami mai tsawo da aka gina wa bango a gefe ɗaya, wanda ke hana tumaki da shanu shiga lambu ba tare da shinge ya tare wa mai kallo ido ba. A Stourhead da ke gundumar Wiltshire kuwa, Henry Hoare na biyu ya fara tsara lambunsa a shekarun 1740, aka tare ruwa a cikin kwari ya zama tafki, aka shimfiɗa hanya tana kewaya shi, tana ratsa wani kogon dutse da aka gina da hannu, sannan aka ɗora haikalin Apollo a bisa tudu domin mai hawa ya hango kwarin gaba ɗaya. Iyalan Hoare sun miƙa wannan gandu mai faɗin sama da hekta 1,000 ga National Trust a 1946. Hawa da gangara da matakalar da suka ba wurin kyawunsa su ne dai suke tsayar da mai keken guragu.

Abin da ya fi hana nakasasshe tafiya yakan zama ƙaramin abu ne da mai lafiyar ƙafa ba ya ma lura da shi. Ƙananan tayoyin gaba na keken guragu suna nutsewa cikin tsakuwar da ba a daddaɓe ba, ta yadda mai turawa zai gaji liƙis kafin ya ci mita hamsin, kuma hanyar da ta karkace gefe guda takan riƙa jan keken zuwa gangare, har sai hannu ɗaya ya yi aikin hannu biyu. Masu tsara hanyoyi suna ɗaukar hawan mita 1 a cikin kowace mita 20 a matsayin mai sauƙi, idan kuma ya kai mita 1 a cikin 12 to sai a gajeren zango kaɗai ake yarda da shi. Akwai kuma matakin katako da ake kafawa a jikin shinge don mutum ya taka ya tsallaka dabba kuwa ta kasa, da wata ƙofa mai lilo a cikin ɗan ƙaramin keji wadda mutum ɗaya ke ratsawa a tsaye. Ƙa'idar ƙasa mai lamba BS 5709 ta jera waɗannan daki-daki, inda ta fifita barin giɓi a shinge, in bai yiwu ba a sa ƙofa, matakin tsallake kuwa shi ne na ƙarshe.

Doka ta taimaka wajen sauya al'amarin. A 1995 Birtaniya ta kafa dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, daga watan Oktoba na 2004 kuma ya wajaba ga masu yi wa jama'a hidima su gyara gine-gine da hanyoyin da ke zame wa nakasassu cikas, kafin dokar daidaito ta 2010 ta maye gurbinta a Ingila da Wales da Scotland. Abin da dokar ta nema shi ne gyara gwargwadon hali, ma'ana gyaran da hankali zai ɗauka idan aka duba kuɗinsa da amfaninsa da yanayin wurin, kuma ana so a yi shi tun kafin wani ya zo ya koka.

A cikin kurmi ne wannan gwargwadon hali yake da wuyar aunawa. Yawancin saiwoyin bishiya suna kwance ne a cikin ƙasar da ba ta wuce santimita 60 daga sama ba, saboda haka haƙa hanya ko daddaɓe ƙasa da manyan injuna a gindin itacen da ya shekara ɗari uku yana iya kashe shi sannu a hankali. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma bai isa hujjar naɗe hannu ba, tunda akwai dabarun da aka gwada suka yi aiki: ana shimfiɗa ragar roba mai kama da saƙar zuma a bisa ƙasa ba tare da haƙa ba a cika ta da duwatsu, ana amfani da tsakuwa mai haɗe da yumɓu wadda ke ƙanƙarewa idan an danne ta, ana kuma kafa gadar katako a wuraren da ke da taɓo. Inda ba za a iya taɓa hanyar ba sai a sauya abin hawan, shi ya sa gandaye da dama suke ba da aron Tramper, wani keke mai batir da manyan tayoyi da ke hawa tudu ya ratsa laka, kuma shirin Countryside Mobility na kudu maso yammacin Ingila ya yaɗa shi a wurare masu yawa.

Hanya mai kyau ba ta da amfani ga wanda ya san ba zai sami banɗaki ba idan ya isa. Tun 1981 ake da mabuɗi na bai ɗaya, wanda ake kira mabuɗin Radar, da ke buɗe banɗakunan nakasassu a faɗin ƙasar, a 2006 kuma aka fara fafutukar Changing Places don samar da banɗaki mai gadon sauya wa babban mutum tufafi da na'urar ɗaga shi. National Trust tana ba nakasasshe kati da ke shigar da mai rakiyarsa kyauta. Makaho yana buƙatar gefen hanya da sandarsa za ta ji, mai ciwon zuciya ko numfashi yana buƙatar benci a kusa-kusa, dukkansu kuma suna buƙatar bayani na gaskiya tun suna gida, wanda zai faɗi tsawon hanya da irin shimfiɗarta da inda hawan ya tsananta, domin kalmar "ana iya shiga" kawai ta sha yaudarar mutanen da suka yi doguwar tafiya suka juyo daga bakin ƙofa.

Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ya ambaci wuraren shaƙatawa da yawon buɗe ido ƙarara, kuma Birtaniya ta amince da ita a 2009, Nijeriya a 2010. Duk gandun da ya karɓi kuɗin shiga daga hannun gurgu, sannan ya bar shi a ɗakin shan shayi yana jiran iyalinsa su dawo daga bakin tafki, bai sauke nauyin da ke kansa ba.