Wa Zai Biya Kuɗin Na'ura? Rabon Nauyi a Cibiyoyin Bincike

A Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka kunna wata ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike a shekarar 2004. Masana kan kawo mata samfurin ƙasa, ko dutse, ko tsiro, don gano sinadaran da ke ciki. To, na'ura irin wannan, wadda mutane da yawa ke tarayya a kanta, yaya ya kamata a raba nauyin kuɗinta?

Abin da za a fara lura da shi shi ne, kuɗin kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya motsi: albashin ma'aikata, da tsaro, da kula da gini, da kwangilar gyara. Ko an auna samfur ɗaya a wata, ko dubu, tilas a biya shi. Akwai kuma wanda ke ƙaruwa gwargwadon aiki, watau wutar da aka sha da kayan da suka ƙare.

Bari mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa wata na'ura tana cin naira 600,000 kowane wata ko ba a taɓa ta ba, kuma kowace awa ta aiki tana cin naira 2,000. In an ɗora kome a kan awa, aka yi aikin awa 300, kowace awa ta tashi naira 4,000. Amma in aikin ya ragu zuwa awa 100, sai ta koma 8,000. Da ganin tsada wasu sai su janye, kuɗin kuwa ya sake hawa a kan waɗanda suka rage, har a wayi gari na'ura mai lafiya tana kulle a ɗaki. In kuwa aka yanka wa kowane sashe kuɗin wata kaɗai, sai mai ƙarfi ya kama layi ya zauna, tun da ƙarin awa ba ya ƙara masa ko kwabo.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Tun a 1892 wani injiniya a Ingila, John Hopkinson, ya ba da shawarar a raba kuɗin lantarki biyu: ɗaya don ajiye injuna cikin shiri, ɗaya don wutar da aka sha. Mutanen Nijeriya sun san wannan tsari, gama sun biya tsayayyen kuɗin wata a takardar wuta har zuwa 2016, lokacin da hukumar kula da lantarki ta soke shi, bayan an daɗe ana kukan biyan kuɗi alhali babu wuta. Darasin a nan a fili yake: ba a yarda da kuɗin wata sai in abin da aka biya dominsa yana nan a shirye.

Sauran tambaya ita ce yadda za a raba tsayayyen kuɗin tsakanin asusai. In an raba daidai wa daida, ɗalibi mai neman digiri ya sha nauyi ɗaya da farfesa mai tallafi daga waje. In an bi aikin da kowa ya yi bara, an fi kusa da adalci, sai dai sabon shiga ba shi da bara. Cibiyar CERN da ke Janeba, wadda aka kafa a 1954, ta bi wata hanya: kowace ƙasa memba tana biya gwargwadon arzikinta, sa'an nan a ba masana lokacin na'ura bisa darajar bincikensu. A Amurka kuwa, ƙa'idar tallafin gwamnatin tarayya ta ce a yi caji bisa ainihin amfanin da aka yi, kada a fifita wani aiki a kan wani, kada a tara fiye da abin da aka kashe, kuma a sake duba farashin aƙalla duk shekara 2.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne jami'a ko gwamnati ta ɗauki mafi yawan kuɗin da ba ya motsi, sassa su raba saura bisa ƙa'idar da aka rubuta tun farkon shekara, mai bincike kuma ya biya abin da aikinsa ya ci. Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai da littafin rajista na gaskiya, inda ake rubuta kowace awa da asusun da za a ɗora mata.