Shin Kuɗin Siminti Da Kwano Na Rage Haraji? Abin Da Mai Gini A Boɗinga Da Shagari Ya Kamata Ya Sani

Tun da sabbin dokokin haraji na Najeriya suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, matasa da dama ke tambaya ko za a rage wa mutum haraji idan ya nuna rasit ɗin siminti, rodi da kwanon da ya saya ya gina gidansa. Tambayar ta shafi ma'aikata da 'yan kasuwa a garuruwa irin Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato, inda akasari ake gini sannu a hankali: bana a buga bulo, baɗi a yi rufi. Amsar a taƙaice ita ce kayan ginin gidan da mutum zai zauna a ciki ba sa rage harajin albashinsa ko na kasuwancinsa. Sai dai akwai wurare uku da kuɗin gini ke shiga lissafin haraji, kuma duka ukun suna buƙatar shaida.

Daga ina ruɗanin ya fito?

Wani ɓangare na ruɗanin daga bidiyoyin YouTube da TikTok yake, waɗanda aka yi wa mazauna Amurka. A can gwamnati ta daɗe tana rage wa mai gida kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe wajen sa sola, a cire masa daga harajinsa. Wannan dokar Amurka ce, ba ta shafi mai gini a Shagari ba. Ko a can ma rangwamen ya ƙare a ƙarshen 2025, bayan dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin shekarar.

Me dokar Najeriya ta ce?

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025. A ƙarƙashinsu, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, daga nan kason ya riƙa hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Harajin mutum ɗaya jihar da yake zaune ke karɓa, don haka mazaunin Boɗinga da hukumar tara haraji ta Jihar Sakkwato yake hulɗa.

Kafin a lissafa harajin, dokar ta yarda a fara zare wasu kuɗaɗe daga abin da mutum ya samu: gudummawar fansho, inshorar lafiya, inshorar rai, gudummawar asusun gidaje na NHF, kuɗin ruwan bashin gina gidan da mutum ke zaune a ciki, da rangwamen haya. Rangwamen hayar kashi 20 ne na kuɗin hayar shekara, kuma ba ya wuce naira 500,000. Siminti, yashi, tayil, fenti da ladan magini ba sa cikin jerin. Buhun siminti yana ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5, ko da daga masana'antar BUA da ke Kalambaina ya fito, kuma mai ginin gidan kansa ba a mayar masa da wannan kuɗi. Wanda ya bar haya ya tare a gidansa kuwa, rangwamen hayarsa ya ƙare ke nan.

Wuri na farko: bashin gina gida

Idan mutum ya ci bashin banki ya gina gidan da yake zaune, kuɗin ruwan da ya biya a shekara ake zarewa, ban da uwar kuɗin. Kuma ba daga harajin kai tsaye ake cirewa ba, daga kuɗin da za a ɗora wa haraji ne. Misali, ma'aikacin da kuɗinsa na shekara ya tsaya a naira miliyan 1.8 bayan an cire fansho zai biya kashi 15 na miliyan ɗaya, wato naira 150,000. Idan ya biya kuɗin ruwa naira 100,000, harajinsa zai koma naira 135,000. Sauƙin da ya samu naira 15,000 ne kacal.

Mutane da yawa a yankin Sakkwato ba sa cin bashi mai ruwa saboda addini, da albashi, adashi ko kuɗin amfanin gona suke gini, don haka wannan rangwame ba ya kai wa gare su. Abin da ya fi shafar ma'aikacin gwamnati shi ne asusun NHF, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN. Kashi 2.5 ake cirewa a albashi kowane wata, kuma wannan kuɗi ba a ɗora masa haraji.

Wuri na biyu: shago da gidan haya

Ga mai shagon cajin waya, gyaran waya ko POS, da mai gidan da ya zuba 'yan haya, lissafin daban ne, domin ginin ne ke kawo kuɗi. Gyara, irin su sauya kwanon da iska ta yaye, toshe yoyo da sabunta fenti, ana ɗaukarsa a matsayin kuɗin gudanar da sana'a, a cire shi daga riba a shekarar da aka yi shi. Sabon gini ko ƙarin ɗaki kuwa jari ne, ana cire kuɗinsa kaɗan-kaɗan cikin shekaru.

Sabuwar dokar ta zo da wani sharaɗi: duk kayan da ya kamata a caji VAT a kansu amma ba a caja ba, ba za a yarda a cire kuɗinsu ba. Don haka mai shagon da zai sayi kaya masu yawa ya fi samun kwanciyar hankali da dilan da ke ba da rasit mai suna, kwanan wata da harajin a rubuce.

Wuri na uku: ranar sayarwa

Idan aka sayar da fili, shago ko gidan haya, riba ake ɗora wa haraji, kuma ana cire kuɗin saye da na ginin da ya ƙara wa wurin daraja. A ce mutum ya sayi fuloti a bakin titin Sakkwato zuwa Jega kan naira miliyan 1, ya kashe miliyan 3 ya gina shaguna, ya sayar miliyan 6. Da shaidar gini a hannu, ribarsa miliyan 2 ce. Idan babu ita, ana iya lissafa masa ribar miliyan 5. A da kashi 10 ake cirewa kan irin wannan riba, yanzu kuwa ana haɗa ta da sauran kuɗin shigar mutum, a bi matakan da suka kai har kashi 25. Gidan da mutum ke zaune a ciki dokar ta keɓe shi, bisa wasu sharuɗɗa.

Yadda waya za ta taimaka

Rasit ɗin na'urar POS rubutunsa na gogewa, musamman a zafin Sakkwato. Waya na iya riƙe shaidar tsawon shekaru idan aka bi waɗannan matakai:

- A ɗauki hoton kowane rasit ranar da aka karɓe shi. Manhajar Google Drive tana da maɓallin kyamara da ke mayar da takarda fayil ɗin PDF.
- A sa wa fayil suna mai ma'ana, kamar kwanan wata, kayan da aka saya da adadin kuɗi.
- A biya ta taransfa idan da hali, a rubuta dalilin biyan a gurbin bayani. Manhajojin bankuna da irin su OPay da Moniepoint suna bari a sauke rasit da tarihin asusu.
- Magini, kafinta da mai tifar yashi ba su cika ba da rasit ba. A rubuta yarjejeniya a takarda, kowa ya sa hannu, a ɗauki hotonta.
- A raba fayilolin gidan zama da na shago, a kuma lissafa su a Google Sheets.
- Kada a dogara da WhatsApp kaɗai. Waya na ɓata, ana sace ta, tana lalacewa.

Dokar ta buƙaci a adana bayanan haraji aƙalla shekara shida, kuma mutum na miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekara kafin ƙarshen watan Maris. Lambar NIN ce ke zama shaidar haraji ta mutum ɗaya.

Duk saƙon da ya shigo da alƙawarin mayar da harajin kayan gini, yana neman lambar BVN, lambar sirrin kati ko lambar da banki ya turo, damfara ce. Mai son tabbatar da abin da ya cancanta ya je ofishin hukumar haraji ta jiha da takardunsa, ma'aikaci kuma ya fara daga sashen albashi na wurin aikinsa.