iChip: Na'urar da Ba Ta da Batir Amma Ta Tono Sabon Magani Daga Ƙasa

Duk wanda ya ji sunan iChip zai ɗauka wata sabuwar hajar Apple ce. Ko kusa. Wani ɗan allon roba ne mai ɗaruruwan ƙananan ramuka, ba batir, ba gilashi, ba manhaja, kuma a cikin ƙasa ake binne shi.

Ƙasa cike take da ƙwayoyin bakteriya masu yaƙar juna da sinadarai, kuma daga waɗannan makaman nasu aka samo da yawa daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka, aikin wasu ne da ake kira Streptomyces. Daga danginsu Albert Schatz da Selman Waksman suka samo streptomycin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka.

Matsalar ita ce kusan kashi 99 cikin 100 na waɗannan ƙwayoyi ba sa yarda su hayayyafa a ɗakin gwaji. Sai masana suka yi ta maimaita bincike a kan 'yan kaɗan ɗin da suka yarda, har rijiyar ta kusa ƙafewa.

Slava Epstein da Kim Lewis na Jami'ar Northeastern da ke Boston a Amurka sun ɓullo wa lamarin ta bayan gida. Ana tsarma ƙasa sosai yadda kowane rami zai samu ƙwaya kusan guda, a rufe allon da matata mai barin abinci ya shiga amma ta hana ƙwayar fita, sannan a mayar da shi inda aka ɗebo ƙasar. Ƙwayar na jin tana gida, sai ta hayayyafa.

Bayan tace kusan nau'i 10,000, a Janairun 2015 suka sanar da teixobactin, wanda aka samo daga ƙasar wani fili a jihar Maine. Yana hana ƙwayar cuta gina bangon jikinta, kuma ya ceci ɓeraye daga MRSA, ƙwayar da ta gagari magunguna da dama.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki idan aka auna da yawan jama'a. Sai dai kada a ruga kemis tukuna: teixobactin bai shiga kasuwa ba, kuma ba ya taɓa irin su E. coli.