Kimiyya a Cikin Kayan Wasa: Dalilin Tsufan 'Yan Tsanan Star Wars

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 2024, a wani gwanjo da aka yi a Amurka, an sayar da wani ɗan mutum-mutumin roba wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba a kan dala miliyan 1.34. Siffar Boba Fett ce, ɗaya daga cikin taurarin fim ɗin nan na ƙagaggen labarin kimiyya mai suna Star Wars. Kamfanin Kenner ne ya ƙera shi a 1979 a matsayin gwaji, amma bai kai irinsa kasuwa ba, domin ɗan makamin da yake harbawa daga bayansa yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro.

Abubuwa biyu ne suke ɗaga darajar irin waɗannan kaya a wurin masu tara su don ado: ƙarancinsu, da kuma lafiyar jikinsu. Na farko al'amari ne na tarihi da kasuwa. Na biyu kuwa al'amari ne na kimiyyar sinadarai, domin tun ranar da roba ta fito daga masana'anta take fara tsufa. Wannan maƙala za ta duba yadda hakan yake faruwa, da abin da ɗalibi zai koya daga ciki.

Asalin Kayan

A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da G.I. Joe, wani sojan roba mai motsa gaɓoɓi, mai tsawon inci 12, wato kimanin santimita 30. Da fim ɗin Star Wars ya fito a watan Mayu na 1977, kamfanin Kenner da ke birnin Sinsinati shi ne yake da izinin yin kayan wasansa, sai dai bai shirya wa irin karɓuwar da fim ɗin ya samu ba. Lokacin Kirsimeti ya ƙarato babu kaya, sai kamfanin ya sayar wa iyaye kwali ɗauke da takardar alkawari, cewa za a aiko wa yaro 'yan mutum-mutumi huɗu a 1978. A cikin kwalin har da ɗan dandamalin takarda da za a jera su a kai.

Daga nan aka ci gaba da yi musu mahalli irin na fim ɗin: tashar sararin samaniya mai hawa-hawa mai suna Death Star a 1978, da kumbon Millennium Falcon a 1979, da fadamar Dagobah a 1981, da ƙauyen Ewok a 1983. An dakatar da wannan zubi na farko a 1985. Yaran da suka yi wasa da su sun girma, kuma su ne suke neman kayan suna jerawa a kabad ɗin gilashi.

Lissafin Girma

Kenner ya zaɓi tsawon inci 3.75, wato kimanin santimita 9.5, kuma akwai darasin lissafi a cikin wannan zaɓi. Idan aka raba 12 da 3.75 za a sami 3.2. Amma yawan robar da abu yake ci yana bin tsawo da faɗi da kauri ne gaba ɗaya, saboda haka sai a ce 3.2 sau 3.2 sau 3.2, wanda ya ba da kusan 33. Ma'ana, in dai siffa ɗaya ce kuma duka biyun cike suke, robar da za ta yi babba guda ɗaya za ta yi ƙanana kusan 33. Bugu da ƙari, kumbon Millennium Falcon na wasa ya ɗan haura rabin mita. Da don masu inci 12 aka yi shi, da tsawonsa ya kai na babban mutum. Ƙanƙantar da 'yan mutum-mutumin ita ce ta ba da damar yi musu gidaje da jirage masu shiga ɗaki.

Yadda Ake Ƙera Su

Duk wanda ya ga masu zuba tukwanen alminiyum a kasuwa ya san tushen aikin. Ana narka ƙwayoyin roba, a tura su da ƙarfin inji cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, a bari su huce, sannan a buɗe. Sassaƙa mazubin yakan ɗauki watanni, kuma wannan yana cikin abin da ya jawo wa Kenner jinkiri a 1977.

Roba ba iri ɗaya ba ce. Kowace iri an gina ta ne da dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari da ake kira polima. Gangar jikin ɗan mutum-mutumin akan yi ta da roba mai tauri kamar ABS, kai da hannaye da ƙafafu kuwa da PVC mai ɗan laushi. Akwai kuma soso irin na katifa, da kwali, da takardun liƙi. Kowane ɗaya da irin ciwonsa.

Alamomin Tsufa

Alama ta farko ita ce sauya launi. A cikin ABS akwai wani sashe mai suna butadayin, wanda yake ba ta juriya kada ta fashe. Hasken altarabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, yana da ƙarfin tsinka wasu mahaɗan wannan sashe, sai iskar oksijin ta shiga ta haɗu da su. Sababbin sinadaran da aka samu suna shanye shuɗin haske, shi ya sa farar roba take komawa ruwan ɗorawa. Idan sarƙoƙin suka ci gaba da tsinkewa, sai robar ta yi gautsi. Irin wannan ne yake samun buta ko kujerar roba da aka bari a tsakar gida shekara da shekaru, har wata rana ta tsage a hannu.

Alama ta biyu ita ce danƙo. PVC a asalinta mai tauri ce, kamar bututun ruwa. Don ta yi laushi ana gauraya ta da wani sinadari mai kama da mai, wanda yake zama a tsakanin sarƙoƙin ba tare da ya ɗauru da su ba. A hankali yakan tsattsafo waje, sai jikin abin ya yi yauƙi, ya riƙa kama ƙura, cikinsa kuma ya ƙandare. Idan hannun PVC ya daɗe yana jingine da wata roba mai tauri, wannan man yana iya narka wurin ya bar tabo.

Alama ta uku ita ce rududdugewa. Soson da aka yi fadamar Dagobah da shi ya yi ƙaurin suna wajen komawa gari, domin yana cike da ƙananan ƙofofi, iska da laima suna ratsa shi ta ko'ina.

Zafi yana gaggauta duk waɗannan. Ƙa'idar da masanin nan na Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana a 1889 ta nuna cewa sinadarai sun fi saurin haɗuwa idan zafi ya ƙaru. Ga haɗuwa da yawa, ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyos yana kusan ninka saurin. Ke nan abin da aka ajiye a digiri 40 yana iya tsufa kusan ninki huɗu na wanda yake a digiri 20.

Rigakafi Ya Fi Magani

Wasu masu tarawa sukan jiƙa robar da ta sauya launi a cikin haidurojin faroksaid, su shanya ta a haske, sai ta yi fari. Sai dai wannan ba ya ɗinke sarƙoƙin da suka tsinke, kuma sau da yawa launin yakan dawo. Abin da ya fi shi ne a nisanta kayan daga hasken rana, a ajiye su wuri mai sanyi marar laima, a hana PVC taɓa wata roba, a kuma bar iska ta ɗan riƙa zagayawa.

Matsalar ta wuce kayan wasa. Rigar da Neil Armstrong ya taka duniyar wata da ita a 1969 tana ɗauke da roba iri-iri. A 2006 gidan tarihi na Smithsonian da ke Washinton ya janye ta daga idon jama'a don kada ta lalace, ba a mayar da ita ba sai a 2019, bayan an yi mata mazauni mai daidaita haske da zafi da laima.

Kammalawa

Roba tana lalacewa, amma ba ta ɓacewa: farfashewa take yi ta koma ɓurɓushi, ta daɗe a cikin ƙasa da ruwa. Mai adana kayan tarihi yana son rage saurin wannan tsufa, mai kula da muhalli kuma yana fama da abin da tsufan ya bari, kuma ilmi ɗaya suke bukata.

Malamai suna iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da kashe kuɗi ba. A yanko farin soson katifa sabo gida biyu. A sa ɗaya a bakin taga inda rana take bugawa, a rufe rabinsa da kwali. Ɗayan kuma a kulle shi a akwati. Kowane mako ɗalibai su duba launi da laushin kowanne, su rubuta abin da suka gani. Bayan wata guda sai a ɗaga kwalin, a tambaye su abin da ya bambanta ɓangarorin uku, da kuma dalili.